Tayar Dama ta Motar Sa'adu

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya a bakin garajina a nan Malbaza yana kallon ina sa wa wata mota filaket, wato takalmin birkin gaba. Ya ce shi ya ga yadda ake yi a waya, noti biyu ne za a kwance, a zare tsoho a sa sabo, shi ke nan. Ban yi masa musu ba, don noti biyun ne. Amma tunda ku samari haka kuka ɗauki abin, ku ba ni hankalinku in ba ku labarin wani aiki da na yi.

A Ƙonni na koyi sana'a, wurin Alhaji Garba, Allah ya ji ƙansa, wanda garajinsa ke kan hanyar zuwa iyaka. Shekara biyun farko bai bar ni na taɓa birki ba. Aikina wanke noti da isansi, wato fetur, jan kirik na ɗaga mota, da shiga ƙarƙashin mota in riƙe abin da aka ce in riƙe. Abin da ya fara koya mini game da birki ba da kilen kwance noti ba ne, da bayan hannu ne. Duk motar da ta shigo daga hanya sai ya sa ni in zagaya tayoyinta huɗu, in kai bayan hannuna kusa da ƙarfen kowace, in gaya masa wadda ta fi zafi. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya ce in sake zagayawa, direba da fasinja suna kallo. Da haka na san cewa mota mai lafiya tayoyinta na gaba ɗuminsu ɗaya ne. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta, akwai magana.

Maganar kuwa yawanci ita ce birki ya riƙe. Direba ya ɗaga ƙafa daga feda, amma filaket bai saki disk ba, faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya. Sai mota ta yi nauyi kamar ana janta ta baya, ta riƙa shan mai, tana karkata gefe ɗaya, wari yana tashi kamar an ƙona gashi. An fi ganin haka bayan an sa sabon filaket, don sabo kauri gare shi, duk ciwon da tsoho ya ɓoye sai ya fito fili. Wani lokaci fistan da ke danna filaket ne ya yi tsatsa, yana fita ba ya komawa. Wani lokaci sandunan nan biyu ne da etiriye ke zamewa a kansu suka bushe, etiriye kuwa shi ne muƙamuƙin ƙarfen da ke matse filaket. A garin nan ƙurar siminti na shiga giris ta mai da shi kamar daɓe. Wani lokaci kuma kunnen filaket ne ya yi wa gurbinsa yawa, ba wani abu ba.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama. A jikin etiriye akwai ɗan ƙaramin noti na fitar da iska. Ka ɗaga mota, ka taka birki da ƙarfi, ka saki. In taya ta ƙi juyawa sai ka sassauta ɗan notin nan. In man birki ya yi tsartuwa taya ta sake nan take, to laifin ba na ƙarfe ba ne, mai ne ya shiga ya rasa hanyar komawa, sai ka bi hanyar man ka nemi inda ta toshe. In ba ta sake ba, ka koma kan fistan da sanduna. Gwajin bai kai tsawon shan shayi kofi ɗaya ba. Na yi shi sau ba iyaka, ranar da ya fi kamata in yi shi kuma na bar shi.

Shekarar da aka rufe iyaka ce. Ku da kuke nan kun san yadda ta kasance. Kayan mota da muke samu daga Sakkwato suka yanke, shagunan Ƙonni suka koma kanta babu kome sai kwalaye. Abin da ke shigowa sai wanda aka biyo da shi ta daji a kan babur, ba ka san ƙasar da ta ƙera shi ba. Motar da ƙaramin abu ya lalace mata sai ta yi wata biyu a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Waɗanda ke aiki tare da ni duk suka watse, wasu suka tafi arewa haƙar zinariya. Na rage ni kaɗai da kirik ɗaya da akwatin kile.

Sa'adu direba ne, mutumin Dogarawa, sa'ana a shekaru. Yana da ƙaramar bas tasa ta kansa, kuma ya fi shekara goma ba wanda ke taɓa birkinta sai ni. Ba ya gudu. Samarin tasha na yi masa ba'a a kan haka, amma matan da ke bin kasuwanni ba su shiga motar kowa in tasa na nan, don ba ya jifa da kayansu, kuma yana jiran mace ta gama ciniki. Ranar kasuwar Badagishiri ita ce babbar ranarsa: ya taso daga Dogarawa da sassafe, ya biyo ta nan, ya karya kwana a Tsarnawa ya yi arewa.

Ana gobe kasuwa ya kawo mini motar da hantsi. Filaket ɗin gaba sun cinye har ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ya fito da sababbi daga ƙarƙashin kujera, cikin kwali marar suna.

“Abin da nis samu ke nan, Malam Idi,” in ji shi. “Sa mani su haka nan, Allah shi tsare.”

Na gama tayar hagu lafiya. Na koma ta dama, na kwance etiriye, ina riƙe da shi a hannu ke nan sai ga wani direban babbar motar siminti ya zo a guje, ya ce motarsa ta mutu a tsakiyar hanya ta tare wa mutane, in taimaka. Ka'ida ita ce in ka cire etiriye ka ɗaure shi da waya a jikin mota, don kada nauyinsa ya sauka a kan tiyon roba da ke kawo masa mai. Na duba ban ga waya kusa ba. Na sake shi yana reto a jikin tiyon, na ce yanzu zan dawo. Sai da na yi fiye da awa guda. Da na dawo na ɗaura kome, na taka feda, ta yi tauri yadda ake so. Sa'adu ya tafi.

Washegari da safe sai ga shi ya tsaya a bakin garaji, mota cike da mutane, buhuna a sama. Tun kafin ya kashe inji na ji warin.

“Tana ja na dama,” ya ce. “Kuma ji yadda taka wari. Tun daga gida nika jin nauyinta.”

Na kai bayan hannuna ga tayar hagu, ɗumi kawai. Ta dama kuwa ban iya kusantarta ba. Na ce fasinja su sauka. Suka sauko suna gunaguni, suka taru a inuwar dogon yaro. A cikinsu akwai wata mata, Dije, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda kullum ita ke zama gaba kusa da ƙofa saboda jarkokinta. Na santa, don duk sanda suka tsaya sai ta yi mini tayi. Ta zo ta tsaya a kaina ina jan kirik.

“Malam, a taimaka a yi hanzari. In rana ta take, masu sayen mai sun watse, sai in komo da shi gida.”

“Yanzu za ku tahi, Hajiya,” na ce.

“Wace Hajiya? Bari dai in sai da man tukuna,” ta ce tana dariya. Ta kwance bakin buhu ta zuba mini ƙuli-ƙuli a kan murfin akwatin kile.

Na ɗaga motar, taya ta ƙi juyawa sai da na sa hannu biyu. Na cire ta, na ɗauko kile lamba takwas na ɗora a kan ɗan notin iska. Ya yi tsatsa ya haɗe da jikin etiriye. Na ɗan matsa, na ji ƙarfen yana neman murɗewa maimakon ya kwance. Duk makaniki ya san wannan jin. In notin nan ya karye a ciki, etiriye ya tashi aiki, kuma a shekarar nan babu irinsa a Malbaza, babu a Ƙonni. Motar Sa'adu za ta hau duwatsu ke nan, shi da iyalinsa ba su da wata hanyar abinci, ga mutum goma sha wani abu suna kallon bayana. Akwai dabarar da ake yi: a jiƙa shi da mai, a ɗan gasa gefensa, a bubbuga, a jira. Amma dabarar na son lokaci. Na zare kile na mai da shi akwati.

Na ce a raina ai filaket ɗin ne, tunda ba a san asalinsu ba. Na ciro su na goge kunnuwansu da zarto, na wanke sanduna na sa sabon giris, na tura fistan baya, na ɗaura. Na shiga na taka feda a hankali sau uku har ta tashi. Na juya taya, ta juya sumul. Ban taka da ƙarfi na sake gwadawa ba. Ina jin ban so in ga abin da zai fito ba ne.

“Filaket ɗin na,” na gaya wa Sa'adu. “Kunnensu ya yi kauri, na rage shi. Ku tahi.”

Bayan azahar wani direba da ya fito daga wajen Tawa ya tsaya ya ba ni labari. A gangaren da ke sauka kwarin Badagishiri, amalanken shanu ya hau kwalta daga gefe. Sa'adu ya taka birki, feda ta tafi har ƙasa ba ta kama kome ba. Zafin tayar nan ya tafasa man birki, kuma birkin baya kaɗai ba ya tsai da mota mai lodi a gangare. Ya kauce wa amalanken, motar ta sauka rami ta kwanta a gefen dama. Mutane da yawa sun ji ciwo. Ƙafar Sa'adu ta karye wuri biyu. Dije ta rasu kafin a kai ta asibiti.

Jandarma suka zo suka auna, suka ce lodi ya yi yawa, suka karɓe masa permi, takardarsa ta tuƙi. A tasha aka riƙa cewa filaket na jabu ne, aka yi ta zagin masu shigo da su. Ba wanda ya ambaci sunana. Fasinjan ma da suka ga na duba motar da safe cewa suka yi Malam Idi ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Bayan kwana huɗu ƙanen Sa'adu ya roƙe ni in je in duba abin da za a iya tsira da shi a jikin motar. An janyo ta an ajiye a wani fili a bakin Badagishiri, har lokacin ƙasan kujerar gaba na da danƙon man gyaɗa. Na cire tayar dama. Disk ya koma shuɗi, filaket sun zama kamar gawayi. Na kwance tiyon roba, na goge bakinsa na hura ta sama, iska ta wuce. Na juya na hura ta ƙasa, ta ƙi. Na sa reza na tsaga shi. Daidai wuyansa, inda nauyin etiriye ya sauka ranar da na bar shi yana reto, fatar ciki ta yage ta yi ɗan harshe. In an taka birki da ƙarfi mai ya tura harshen ya wuce, in zai komo harshen ya rufe hanya. Daga waje tiyon lafiya lau, ko tsaga babu.

Kafin in tashi na ɗiga wa ɗan notin iskan mai, na bubbuga shi, na jira kaɗan, na sa kile. Ya kwance. Bai karye ba.

Na sa tiyon a aljihu na tafi Dogarawa. Na tarar da Sa'adu kwance a zaure, mai ɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare. Bayan gaisuwa na ajiye tiyon a kan tabarma, na gaya masa kome, tun daga motar siminti har zuwa kile da na mayar akwati.

“Wa kag gaya ma?” ya ce.

“Kai na na hwarko.”

Sai ya buɗe tafin hannunsa na dama ya nuna mini. Akwai tabon ƙuna a kan yatsu uku, ya fara ɓawo.

“Wanga ba ga ramin nis same shi ba. Ga Tsarnawa nit tsaya, nit taɓa ƙarhen tayar. Ka ga abin da yay yi min. Na san ba ta gyaru ba. Nis sayi ruwa niz zuba mata, tana ta hayaƙi, mata na cewa rana ta yi. Nic ce in mun kai Badagishiri a duba.” Ya rufe hannun. “Ban gaya ma jandarma ba. Ban gaya ma kowa ba.”

Can ya ce in ya samu ya taka ƙafa, akwai inda ya kamata mu je tare.

Sai bayan an yi arba'in muka je, shi da sanda, ni ina riƙe da shi a kan babur. Mijin Dije, Malam Nomau, dattijo ne mai lambu, yana noman albasa da rani. Muka same shi a bakin rijiya yana naɗe tiyon injin ban-ruwa. Ya shimfiɗa mana buhu, ya aika aka kawo ruwa. Muka yi masa gaisuwa ya amsa. Sa'adu ya faɗi nasa, na faɗi nawa. Bai katse mu ba ko sau ɗaya. Da na gama ya miƙo hannu, na ba shi tiyon birkin da na zo da shi. Ya buɗe tsagar da babban yatsa, ya taɓa ɗan harshen, ya tura shi gaba ya komo da shi.

“Na gane,” ya ce. “Na injina ma ya taɓa yi min haka, ruwa ya ƙi hawa, nik kwana biyu ina neman dalili.” Ya miƙo mini abina. “An ce min kayan jabu na. Da kun yi shiru, da haka zan tahi da shi har kabarina.”

“Shi ya sa munka zo, Baba,” in ji Sa'adu.

“Kwananta ya ƙare, wanga ba ni da shakka. Ni na yahe maku, Allah shi yahe muna baki ɗai. Ɗiyanta kuwa ba ni yahewa da bakinsu. In sun girma sunka tambaye ni, zan gaya masu yadda kunka gaya min.” Ya juyo gare ni. “Kai kuma Malam, kada ka ji haushi. Motar da hannunka ya taɓa, ba ni shiga, ba ni sa nawa ciki.”

Na ce ban ji haushi ba. Ya rako mu har bakin lambu, ya cusa wa Sa'adu albasa a jakar babur.

Sa'adu bai sake tuƙi ba. Ƙafar ta warke a karkace, ba ta iya taka feda. An sayar da motar a kwance, inji daban, ƙofofi daban. Yanzu yana tashar Dogarawa yana tara wa matasan direbobi fasinja, waɗanda dā suke yi masa ba'a. Labarin abin da na faɗa a lambu ya bazu, kamar yadda labari ke bazuwa. Wasu direbobi suka ɗauke motocinsu daga wurina, wasu suka zauna. Ban bi kowa da bayani ba. Abin da ya canja a aikina kaɗan ne: waya na rataye a wuyana duk sanda zan taɓa birki, ba na sallamar mota sai na taka da ƙarfi na juya taya, kuma sai na shiga an yi tafiya da ni na dawo na ji ɗumin ƙarfe. Mai gaggawa ya tafi wani garajin.

Bara da bazara na gyara wa wani direba birkin bas, na shiga gaba muka nufi wajen Dogarawa don gwaji. Rana ta take, kwalta na walƙiya. Da muka wuce wata mararraba sai ga dattijo tsaye a gefen hanya da wata budurwa mai ɗauke da jarka, ba ko itace kusa da su. Direba ya tsaya, don motar babu kowa. Dattijon ya leƙo ta taga. Malam Nomau ne. Ya ƙara tsufa, budurwar kuma kamar an tsaga kara da Dije.

Ya gane ni nan take. Ya miƙo hannu muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, na tambayi lambu.

“Ku shigo, Baba, Malbaza za mu koma,” in ji direba. “Kyauta, ga wuri.”

Malam Nomau ya dubi hannuwana, baƙin giris har wuyan hannu.

“Mun gode, ɗana,” ya ce. “Ku tahi. Muna jiran ta baya.”

Yarinyar ta dube shi, ta dubi kujerun da ba kowa. Ta sauke jarkar ta zauna a kanta. Direba ya ja mota yana cewa tsofaffin ƙauye sai su, wace mota za ta biyo nan da tsakar rana haka. Na ce masa ya taka birki da ƙarfi in ji, ya taka, motar ta tsaya cak ba ta karkata ba.